Takalmin Idrisu a Ƙofar Sito

Ni Indo, duk Panshekara an san ni da hali ɗaya. Ba na manta wanda ya yi mini alheri, ba na kuma manta wanda ya ƙi yi. Ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba, amma ku tambaye ni su wa suka zo mini gaisuwa ranar da mijina Malam ya rasu, shekara goma sha bakwai ke nan, zan jero muku su, har da wadda ta zauna a kan turmi ta tashi ba ta ce komai ba. Wanda ya duba ni ina ciwo, ko da rarrafe sai na je nasa. Da can ina ɗaukar wannan halin abin tinƙaho ne.

Gidan da Malam ya bar mini ɗaki shida ne, ginin ƙasa, a gangare, dab da babbar kwatar da ke kwaso ruwan kamfanonin Challawa. Ina cikin ɗaya, biyar na zuba 'yan haya, duk mutanen kamfani. Akwai Asibi, 'yar Zonkwa, Kirista ce, tana aiki a kamfanin buhu. Doguwa, ga murya, in tana waƙar cocinsu a bakin rijiya har zaure ana ji. Ita kaɗai ce ke iya tsaya mini. Takan ce, "Mama, ke ko atishawa kika yi aka yi shiru, sai kin ƙulle ta a bakin zani." In ce mata, "Ke ma taki tana nan a ƙulle, mai wandon maza."

Sai Sauda. Mijinta Ya'u a kamfanin fata yake, ciwon ƙirji ya kwantar da shi sati biyu, ya tafi. Mutanen wani ƙauye ne can bayan Gumel. Yayanta ya zo aka yi sadakar bakwai, ya ce ta zauna ta yi takabarta a ɗakin mijinta, in ta fita zai dawo ya ɗauke ta. A gaban mutane ya damƙa mini ita. Ya ce, "Inna, amana ce." Na ce na karɓa.

Yadda aka ɗora ni a kan takaba, haka na ɗora ta. Ba kwalli, ba turare, ba lalle. Ba ɗaga murya. Namiji ba ya ganin fuskarki. Ƙafarki ba ta tsallake dokin ƙofar gida sai wata huɗu da kwana goma sun cika. Na ba ta 'yar wuƙar da ni ma na riƙe a tawa takabar, na ce kar ta rabu da ita. Shekarunta ba su fi ashirin da biyu ba, kuma ba ta da musu. Duk abin da na ce, sai ta ce, "To, Inna."

Kwananta goma sha tara a ciki ruwan ya zo. Tsakiyar damina ce, shekarar da wayar hannu ta fara yawa har a hannun 'yan acaɓa. Tun asuba ake yi, har aka kira azahar bai ɗauke ba. Kwatar ta cika ta tumbatsa, baƙin ruwan nan mai warin jima ya shigo mana ta zaure. Kafin in tattara tabarma ya kai mini gwiwa, ni kuwa gwiwoyina sun daɗe da ƙin yi mini aiki. Na dafa ƙyauren ɗaki na tsaya, ina jin katangar maƙwabta tana faɗuwa.

Sai ga Idrisu. Mai gadi ne a wani kamfanin fata, yana kuma cikin kwamitin unguwa, magidanci ne ya kai arba'in, iyalinsa suna ƙauye. Ya shigo da dogon takalmin robar nan rawaya da ake ba su a wurin aiki. Ya juya mini baya ya durƙusa.

"Hajiya, ku hau."

Na ce, "Ni? A bayan namiji?"

Ya ce, "Hajiya, katangar nan ba za ta jira ku gama jin kunya ba."

Na hau. Ruwa ya kai masa ƙugu, yana tafe yana laluben ƙasa da ƙafa kar mu afka kwata. Ba mu yi taku ashirin ba na waiwaya, na ga ɗakina ya zauna, inda nake tsaye ɗazu babu komai sai laka. Da ya sauke ni a kan tudu, a gaban jama'a na riƙe hannunsa na ce, "Idrisu, daga yau kai ɗana ne. Duk ranar da ka nemi Indo za ka same ta." Ba wanda ya sa ni. Ni na faɗa da bakina.

Sauda kuwa Asibi ce ta fito da ita. Ta tarar da ita tsaye a kan gado, ruwa ya jiƙa katifa, tana cewa Inna ta ce kar ta fita. Asibi ta ce, "Innar taki ga ta can a bayan ƙato, ke kina nan kina bin doka," ta fizgo ta. Da aka ba ni labari har dariya na yi. Ya kamata tun a nan in gane irin jin maganar yarinyar, in kuma ji tsoron abin da zan gaya mata.

Makarantar firamare aka kai mu, da yake ana hutu kuma tana kan tudu. Aji uku na mata da yara, biyu na maza. Mun fi mu ɗari biyu. Bayan gida biyu kacal, ɗaya ba ƙofa, sai mace ta tsaya wa mace da zani. Mai unguwa, Malam Baffa, ya ce, "Hajiya Indo, sha'anin mata yana hannunki, ni ba zan iya da su ba." Ni na raba wuri. Masu jego na sa su kusa da taga, tsofaffi kusa da ƙofa saboda fita, wata makauniya na haɗa ta da jikarta. Wannan duk na yi daidai, ban ji kunyar faɗa ba.

Wurin Sauda ne na yi ɓarna. Ajin namu tagoginsa ba marfi, maza suna wucewa suna leƙe, wai neman matansu. Ga wasu matan sun fara gunaguni, wata amarya ta janye tabarmarta, wai ba ta kwana kusa da mai takaba ga mijinta da rai. Ban tsawata mata ba. Na zaga na ga wani ɗan sito a bayan ginin, inda ake tara karyayyun benci da tsintsiya. Yana da ƙofa, ba taga sai 'yar kafa a sama. Na ce alhamdulillahi, ga sutura. Na sa aka share, na kai ta.

Asibi ta biyo mu, ta tsaya tana juya ƙofar.

"Mama, kin duba sakatar nan?"

"Me ta yi?"

"Ta waje take. Ɗakin kaya ne. Na waje ne ke kullewa, na ciki ba ya iya komai."

Na ce, "Wa zai zo wa mai takaba? Ke ba ki san abin ba. Ko mahaukaci yana kauce mata."

"Ni dai na san maza, a cikinsu nake aiki. A nan zan riƙa kwana."

Na ce ta kwana. A raina na ce shi ke nan an toshe ko'ina, don ni a sanina dare ne abin tsoro. Ban kawo rana a lissafi ba. Asibi tana fita aiki ƙarfe shida na safe, ba ta dawowa sai la'asar.

Kwana biyu da zuwanmu aka kawo kayan agaji. Shinkafa, garin kwaki, bargo, sabulu. Aka ce sai da kati, katin kuwa sunan maigida ake rubutawa, shi zai tsaya a layi. Littafin sunayen da katunan suna hannun Idrisu, don shi ya iya rubutu a kwamitin. Da hantsi ake rabon, a gaban makaranta, kowa da kowa yana can, har yara. Bayan ginin ko akuya ba ka gani.

Sauda ba maigida, ba ta kuma iya tsayawa a gaban maza. Na samu Idrisu na gaya masa. Ya ce, "Haba Hajiya, matar Ya'u? Tare muke shan shayi da marigayi. Ni da kaina zan kai mata har ƙofa." Na yi masa godiya. Na sa masa albarka. Wannan ma na ƙara a kan na baya.

Ranar farko ya ajiye a bakin ƙofa ya tafi, da idona na gani. Rana ta uku na dama kunu, na ce bari in kai mata tun da zafi. Ina dogara sanda na zaga bayan ginin. Ƙofar siton a rufe. A gabanta ga takalmin robar nan rawaya, ƙafa biyu, an jera su daidai, laka tana bushewa a jikinsu.

Na tsaya. Na san takalmin, ai da shi ya shigo ya goyo ni ranar ruwa. Kuma na san wanda ya zo miƙa shinkafa ba ya cire takalmi. Mai cire takalmi, tabarma zai hau. Ina jin muryarsa ƙasa-ƙasa, yana magana yana 'yar dariya. Tata ban ji ba.

Ba wani abu mai wuya ake nema daga gare ni ba. In yi sallama, in tura ƙofa da sanda. Tsohuwa ce ni, ba mai hana ni. Amma sai na ji kamar har yanzu hannuna yana saƙale a wuyansa, ruwa yana ja, shi yana cewa ku riƙe da kyau Hajiya. Na ce a raina, mutumin da ya fitar da ke daga kabari, shi za ki kunyata kwana biyar da yi? Wataƙila ta'aziyya yake mata. Wataƙila suna yake rubutawa, alƙalami ba ya son rana. Na juya da kununa. A hanya na ba makauniyar nan ta sha, har tana yi mini addu'a.

Da yamma, kafin Asibi ta dawo, na leƙa. Sauda tana zaune a lungu, ta ja mayafi har goshi. Shinkafar tana nan a leda ba a kwance ba.

"Ba ki dafa ba?"

"Ba na jin yunwa, Inna."

Can ta ce, "Inna, ko zan dawo cikinku? Ko a bakin ƙofa ne, wajen takalma. Ba zan taɓa kowa ba."

Na ce, "Wani abu aka yi miki?"

Na tambaya ne irin tambayar da ake yi don a ce a'a. Ta kalle ni, ta kalli ƙasa. Ni na koya mata mai takaba ba ta yawan magana, ni kuma ta ji a gaban jama'a ina kiran mutumin ɗana. Me za ta ce?

"Babu, Inna. Zafi ne."

"Ki yi haƙuri. Takaba ibada ce. Kwana nawa ne za a sallame mu?"

"To, Inna."

Washegari na tare Idrisu a gindin darbejiya yana jera katuna. Na ce bari in yi masa ta hannunka mai sanda, yadda ba zai ji ciwo ba. Na ce, "Ɗana, kayan yarinyar nan ka riƙa ba ni, ni zan kai. Ka san bakin mutane."

Ya yi murmushi. "Da waɗannan gwiwoyin, Hajiya? Ai ban fito da ku daga ruwa don in ɗora muku dako ba. Yaya ƙafar? Na sa a ajiye muku bargo mai kauri, irin wanda ba a fito da shi ba."

Ya san abin da yake yi, ni ma na san ya sani. Bargon kuwa na karɓa. Da shi na rufa.

Kwana biyu ban zaga bayan ginin da hantsi ba. Sai in samo wa kaina aiki. Rabon faɗan masu jego, neman itace, wankin jikar wani. Rana ta uku buta ta kai ni, don bayan gidan ta can ake bi. Takalmin yana nan. A wannan karon ko tsayawa ban yi ba, na kau da kai na wuce.

Asibi ta tare ni a daren... a'a, da magariba ce, muna alwala ita tana wanke ƙafa. Ta ce, "Mama, yarinyar nan ba ta cin abinci. Ta tara benci a bayan ƙofa, sai na yi ta kiran sunana kafin ta buɗe. Na tambaye ta, ta ce ɓera. Ke kin ga wani abu?"

Na ce, "Mai takaba haka take. Tunanin miji ne."

Ƙarya na yi mata, ruwan alwala yana hannuna.

Ranar Talata injin su Asibi ya tsaya, aka sallame su tun hantsi. Ina wurin rabo ina taya miƙa sabulu na ji muryarta daga bayan gini. Ba kuka take ba, kira take, sunan Mai unguwa take kira. Aka watse daga layi aka yi can. Ni ce ta ƙarshe, da sandata.

Da na isa, Idrisu yana tsaye a waje ba takalmi, yana riƙe da hannunsa na dama, jini yana ɗiga ta tsakanin yatsu. Ƙofar ta ɓalle daga sama. Bencin da Sauda ta tokare da shi ya karye biyu. Ita tana ciki ta manne da bango, mayafinta ya yage daga kafaɗa, 'yar wuƙar tana hannunta. Asibi ta tsaya a bakin ƙofar ta baje hannu, ta hana kowa leƙawa.

Malam Baffa ya kore yara da samari, ya sa aka kawo benci gindin darbejiya. Aka kira liman. Aka ce Asibi ta faɗi abin da ta gani.

Ta ce, "Na zo na same shi ya sa kafaɗa yana tura ƙofa. Ina ji yana ce mata in ba ta buɗe ba zai cire sunanta, ta ci ƙasa. Kafin in ƙaraso ya shiga."

Idrisu ya ce, "Allah ya taimaki Mai unguwa, kati na kai mata. Ƙofar ce ta cije na tura. Yarinyar tun rasuwar mijinta ba daidai take ba, kowa ya sani, ta hau ni da wuƙa. Yau ne ma farkon shigata ɗakin. Wannan kuwa," ya nuna Asibi da haɓa, "tun da na hana ta kati biyu take nema na da sharri. Maganar wadda ba ta salla za a ɗauka a kaina?"

Asibi ta ce, "Kai mai sallar, ga hannunka nan yana ba da shaida."

Wasu suka yi dariya, wasu suka ce ta iya bakinta. Na ga maza sun fara gyaɗa kai wajen Idrisu. Shi ya fito da rabinsu daga ruwa, shi ke riƙe da katin kowa. Aka aika a tambayi Sauda, ta ƙi cewa komai.

Liman ya ce, "Mace ɗaya ce ta gani, shi kuma ya musa. Akwai wanda ya taɓa ganin sa a wurin kafin yau?"

Idrisu ya juyo ya dube ni. Ba harara ba ce, kallo ne na wanda ya zo karɓar abinsa. Ya ce, "Ga Hajiya Indo nan, ita ke kula da mata. Uwata ce. Ta faɗi halina."

Ranar da na ce zai neme ni ya same ni, ita ce ta zo. Na dafa sanda na miƙe.

Na ce, "Mai unguwa, ba yau ne farkon shigarsa ba. Sau biyu na ga takalminsa a ƙofar, ƙofa a rufe, shi yana ciki. Ranar Alhamis da ranar Lahadi. Na ji muryarsa."

Malam Baffa ya ce, "Kika yi me, Hajiya?"

"Na koma da kununa."

Idrisu ya ce, "Hajiya, ni na goyo ku. A bayana kuka fito."

Na ce, "Ka goyo ni, ban musa ba, har in mutu ba zan musa ba. Amma ni ka goyo. Da kaina ya kamata in biya ka, sai na biya ka da 'yar mutane."

Aka karɓe littafin da katunan daga hannunsa a take. Mai unguwa ya ce ya bar makarantar kafin azahar, maganar kuma za a kai ta gaba. Ya sa takalminsa ya tafi, bai waiwayo ba. Liman ya juyo kaina, a gaban kowa. Ya ce, "Hajiya, wa ya ce muku mai takaba ba ta zama cikin mata 'yan'uwanta? Ko gida lafiya lau yake ba a hana ta ba, balle ruwa ya ci gidan. Kun ɗauko abin da kuka gada kun sa shi gaba da ran mutum." Yaron da aka haifa a gabana ne yake gaya mini haka.

Asibi ba ta yi mini tata a gaban mutane ba. Sai da muka keɓe. Ta ce, "Mama, na tambaye ki."

Na ce, "Kin tambaye ni."

"Kina alwala."

"Ina alwala."

Ta daɗe tana kallona, ta tafi ta kwaso kayan Sauda.

A ranar aka dawo da ita ajinmu. Na shimfiɗa mata kusa da ni, jikin bango. Amaryar nan ta buɗe baki, na ce in ta ƙara ko tari ita za ta koma siton. Aka canza tsarin rabo, matan da ba su da maza aka ba su kati da sunansu, wata malamar asibiti ce ke miƙa musu a cikin aji. Mu tara ne ashe, ban taɓa ƙirgawa ba, biyu daga ciki tun zuwanmu a kwanon maƙwabta suke ci. Aka sa wa bayan gida ƙofa da sakata ta ciki. Duk abin nan bai ɗauki wuni biyu ba. Da ma can ba wuya gare shi ba.

Amma magana ta riga ta fita. Mata suna ƙus-ƙus, in ta wuce da buta a yi shiru. Wata ta ce ai sau uku ba a yi wa mutum dole. Na ji da kunnena. Abin da ya faru a siton ranar Alhamis da ranar Lahadi ban sani ba, har yau ban sani ba. Ban da bakin tambaya. Asibi wataƙila ta sani, ba ta gaya mini ba.

Ita Asibin ce ta je wurin mai wayar kuɗi a bakin titi ta sa aka nemo yayan Sauda ta hannun wani direban Gumel. Kwana uku sai ga shi. Ya gaishe ni a tsaye. Bai tambaye ni amanarsa ba, ni ma ban iya haɗa ido da shi ba. Ya ce liman ɗinsu ya ce ta ƙarasa takabar a gida.

Kayanta ƙulli ɗaya ne, sauran ruwa ya tafi da su. Asibi ta ɗauka mata, an tsayar da acaɓa biyu a bakin makaranta. Na bi su a baya har ƙofa. Na kira ta, ta tsaya, ta rusuna kamar kullum.

Na ce, "Sauda, na gani na yi shiru. Kin roƙe ni ki dawo cikinmu na hana. Ki yafe mini."

Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Allah ya yafe mana baki ɗaya, Inna."

Na shekara saba'in ina jin yadda mutane ke amsa wannan roƙon. Wanda ya yafe, cewa yake na yafe, ba komai, wallahi ya wuce. Wannan da ta faɗa ita ce amsar mai ladabi da ba ya son ya yi wa babba ƙarya. Ni ma na sha ba wasu ita.

Na ce, "Amin."

Ta hau bayan mashin ta gefe, yayanta ya hau ɗayan. Asibi ta miƙa mata ƙullin, ta gyara mata mayafi, ta ce wa ɗan acaɓan ya bi a hankali, hanyar duk rami ce.

Bayan sallah na aika mata da turmin atamfa da sabulu ta hannun direban nan. Ya dawo ya ce ta karɓa, tana gaishe ni. Na ce ba ta ce komai ba bayan gaisuwar? Ya yi tunani, ya ce a'a, ta dai tambayi Asibi.